Aure Ya Mutu, Injin Niƙa na Wane Ne? Waiwaye kan Dukiyar Miji da Mata a Agye, Gazawa da Gidan Runji

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, ya ratsa Gidan Runji da Tibiri, ya wuce Maraɗi, ya bi ta Cadawa da Agye har Gazawa, zai ga sana'o'in da ke riƙe da gidajen wannan yanki a jere a bakin titi: injin niƙa, amalanken shanu, ɗan shagon tireda, buhunan aya da wake, jarkokin man gyaɗa, ragunan da aka turke ana jiran layya. In ka tambaya na wane ne, sunan namiji za a ba ka. In kuwa ka bi diddigin jarin, sau da yawa za ka tarar awakin matar gida aka sayar aka cika kuɗin inji, ko kwasar adashinta aka zuba a shago, ko kuma ita ce ke tashi tun assalatu tana suya da matsa, shi yana kai wa kasuwa. Muddin aure na zaune lafiya, ba mai tayar da zancen. Sai ranar da igiya ta tsinke ake gane cewa mutum biyu sun shekara goma ko ashirin suna kasuwanci tare, ba takarda, ba shaidu.

Abin da aka saba gani a irin wannan rana shi ne mace ta kwashe kayan ɗakinta ta koma gidan iyaye, inji da shago da amalanke su tsaya inda suke. Da yawa na ɗauka haka addini ya ce, wasu kuma su ce haka aka gada. Tarihin yankin bai goyi bayan ko ɗaya ba. Magabata sun tanadi hanyar da mace ke fita da abinta, sai dai sun tanade ta ne daidai da irin dukiyar zamaninsu. Dukiyar ta sake kama tun tuni, hanyar rabon kuwa tana nan inda suka bar ta.

Rumbu biyu a gida ɗaya

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sarakunan Katsina da suka rasa birninsu suka yi zamansu a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri wajejen 1836. Manoman da ke ƙarƙashinsu, Musulmi da masu addinin gargajiya, tsarin gandu suke bi. Maigida ke riƙe da gandu, kowa na gidan ya sa hannu a aikinsa, hatsin kuma ya shiga rumbun gida. Ban da gandu akwai gamana, wadda wasu wurare ake ce wa gayauna: 'yar gonar da maigida ke yanka wa matarsa ko ɗansa da ya tasa. Ƙasar tasa ce, amfanin nata ne, rumbunta daban. In ta sayar da gero ta sayi jar akuya, akuyar tata ce, abin da akuyar ta haifa ma nata ne. In rani ya yi maigida ya rufe rumbun gandu ya tafi nema, da gamanarta take riƙe kanta da 'ya'yanta har ruwa ya sauka.

Ga kuma kayan ɗaki. A da ƙorai ne da faifai da tukwane, daga baya suka zama kwanoni da tasoshi masu zane. Ranar jere, matan dangin amarya da na ango duk suna wurin, suna gani, suna ƙirgawa. Wannan taro shi ne rajistar mutanen da. Shekaru za su shuɗe, amma gwaggo ba ta manta kwano nawa ta jera wa 'yar ɗan'uwanta, kuma ranar rabuwa ita za ta zo ta kwashe su, ba mai iya ja da ita. Sadaki na mace ne. In ita ta nemi fita, ta mayar da shi ta hanyar kul'i. In shi ya sake ta, ba ta mayar da komai. Gona ce kaɗai ke komawa hannun mai ita.

Aljihun miji daban, na mata daban, har ta kai miji kan ci bashin matarsa ya biya, ko ya sayi fura a hannunta kamar kowa. Masanin nan Bafaranshe Claude Raynaut, wanda ya yi bincike a ƙauyen Sumarana kusa da Maraɗi, ya yi rubutu kan yadda kuɗi ke kai da komo hatta tsakanin mutanen gida ɗaya. A fada ma mata na da madogara: Inna a Tibiri da Iya a Maraɗi sarautu ne masu faɗa a ji kan sha'anin mata, musamman zawarawa.

Ba na cewa wancan zamani ya yi wa mace adalci ta kowace fuska. A gidaje da yawa ba ta gadon gona, kuma 'ya'ya na komawa dangin uba da zarar sun tasa. Amma ta fuskar dukiya akwai abu guda mai kyau: abin da mace ta mallaka abu ne da ake gani da ido, ana iya ɗora shi a ka ko a kora shi a gaba, kuma gari duka ya san nata ne.

Gyaɗa da kotun kwamandan

Zuwan Faransawa ya taɓa wannan tsari ta hanyoyi biyu. Na farko shi ne aiki. A 1905 suka fitar da dokar hana cinikin bayi a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan tarihin aure a Maraɗi, ta nuna yadda aikin da bayi mata ke yi a manyan gidaje ya koma wuyan matan aure. Sannan ga haraji da sai da kuɗi ake biya, ga gyaɗa da ta mamaye gonaki tun daga shekarun 1930. An kafa matatar mai ta SICONIGER a Maraɗi a 1942, bayan samun 'yanci kuma aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen gyaɗa. Daga wannan ciniki ne da yawa cikin alhazan Maraɗi suka tashi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta tarihinsu a 1986. Kuɗin gyaɗar gandu hannun maigida suke shiga. Mata kuwa suka riƙe ɓangaren sarrafawa, wato mai da ƙuliƙuli. Nan ne, a ganina, tarayyar kasuwanci tsakanin miji da mata ta fara yawa a karkara: shi ya kawo gyaɗa, ita ta kawo ƙarfinta da gwanintarta, riba ta shiga cefane da sutura da sayen dabba, ba a ware ba.

Na biyu shi ne shari'a. Kotunan da Faransawa suka kafa wa 'yan ƙasa, kwamandan ne a kai, da mashawarta daga cikin sarakuna da malamai. Dokokin aure biyu da suka yi suna a lokacin, ta Mandel a 1939 kan shekarun aure da yardar amarya, da ta Jacquinot a 1951 kan tsadar kuɗin aure, duk ƙofar shiga suka duba. Ba wadda ta ce uffan kan abin da ma'aurata suka tara tare in sun zo rabuwa. Shari'ar mutuwar aure a waɗannan kotuna ta fi karkata ga tambaya ɗaya: nawa za a mayar wa miji? An daɗe ana yin wannan tambaya har ta zama jiki, tambayar da ke ɗaya gefen kuma, wato me miji zai mayar wa mata, ba ta samu wurin zama ba.

Matan birni sun gane haka da wuri. Bayan ambaliyar 1945 da ta sa aka tayar da Maraɗi daga kwari zuwa tudu aka yanka sababbin filaye, Cooper ta kawo labarin matan da suka yi ta ƙoƙarin mallakar gida da sunansu. Sun san gidan miji ba matabbata ba ne.

Dokar 1962 da kundin da ya ƙi fitowa

Nijar ta samu 'yanci a 1960. Ranar 16 ga Maris 1962 aka yi dokar tsara kotuna, wadda ta ce a sha'anin aure da saki da gado da gonakin da ba su da takardar mallaka, alƙali zai yi hukunci da al'adar masu ƙara, tare da mashawarta masana al'ada a gefensa. An sake dokar a 2004, an kuma sake ta a 2018, amma wannan ginshiƙi bai motsa ba. Al'adar kuwa ba a rubuce take ba. A Agye ko Gidan Runji, abin da ake kira al'ada gauraye ne na fiƙihun Malikiyya da abin da dattawan gari suka taso suka tarar, kuma inda biyun suka saɓa, wanda ya fi ƙarfin baki a zaman shi ke rinjaye.

Kafin ma a kai ga alƙalin gwamnati akwai matakai. Dangi su zauna, in ya gagara a je gun mai gari, daga nan fadar sarki, ko gaban malaman Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar da aka kafa a 1974 zamanin Seyni Kountché. Doka ta ba sarakuna ikon sasantawa, kuma akasarin rigingimun aure a nan suke ƙarewa. Akwai kundin dokar farar hula da aka gada daga Faransa, wanda ya san tsarin haɗa dukiya tsakanin ma'aurata, amma manomin Gangara ko Cadakori da aka ɗaura wa aure a ƙofar gidan surukai bai taɓa shiga ƙarƙashinsa ba.

An sha yunƙurin rubuta kundin dokar iyali. Ƙungiyar Matan Nijar da aka kafa a 1975 ta daɗe tana neman sa. An fito da daftari a 1993, ƙungiyoyin addini suka tashi tsaye, aka ajiye shi. An sake gwadawa a 2011, ya sake faɗuwa. A 1999 Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana nuna wa mata bambanci, amma ta keɓe wasu sassa da suka shafi aure da rabuwa ta ce ba su hau kanta ba. A watan Yuni na 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata, wadda sashenta na 7 ya yi magana kan raba dukiyar da aka tara a zaman aure bisa adalci.

Masu zargin malamai da hana ruwa gudu suna da hujjarsu, amma ni ina ganin kuskuren ya fi haka faɗi. An ƙulle batutuwa masu zafi duk a ƙunshi ɗaya, auren mace fiye da ɗaya da ikon saki da shekarun aure da gado, aka ce a karɓa gaba ɗaya. Da ƙunshin ya faɗi, sai ya tafi da maganar jarin mace, alhali ita wannan magana ba ta da rigima a addini. Kuma tsarin raba komai biyu saboda aure kawai bai zauna daidai da gidan da ke da mata uku, kowace da shekarunta a gidan da irin abin da ta zuba. Haƙƙin da nake magana a kai ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi ƙarfi: mace ta karɓi rabonta don ta sa jari ko ta yi aiki a sana'ar, kamar yadda ƙanen miji ko maƙwabci zai karɓa da shi ne ya sa.

Da gamana ta ƙare

Farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, yunwar 1984 ta biyo baya, jama'a kuma na ta ƙaruwa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maraɗi. Gundumar Gidan Runji kaɗai ta haura dubu 500, Agye ta kusa dubu 250, Gazawa kuma, wadda aka cire daga Agye ta zama gunduma a 2011, tana da wajen dubu 160. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke kallon ta. Da gandu ya matse, gamanar mace ce ta fara tafiya. Marthe Doka da Marie Monimart sun wallafa bincike a 2004 kan yadda ake fitar da mata daga noma a kudancin Nijar, inda suka nuna cewa a ƙauyukan da ƙasa ta fi ƙaranci, hana mace zuwa gona da sunan kulle kan zo daidai da lokacin da babu gonar da za a ba ta. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ce namiji da mace daidai suke wajen samun ƙasa, ta kuma kafa kwamitocin filaye. Sai dai abin da ya fi taimakon matan yankin a aikace shi ne komawa ga rabon gado na Musulunci, wanda ya ba 'ya mace kaso a gonar ubanta inda al'ada ta hana ta.

Wadda ta rasa gona dole ta nemi sana'a, sana'a kuma sai da jari. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, tsarin da aka ɗora kan adashin da mata suka riga suka sani: a haɗu kowane mako, kowa ta zuba, a ba da rance daga asusu, ƙarshen zagaye a fasa a raba. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. A Agye kuma ayyukan asusun raya noma na FIDA sun shigo ƙauyuka irin su Ɗan Saga, da renon itatuwa a gonaki da rumbunan tsimi na mata, musamman bayan matsalar abinci ta 2005. Kuɗi ya fara taruwa a hannun matan karkara fiye da yadda aka taɓa gani.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ina kuɗin ke zuwa. Wani ɓangare na tsayawa a sana'ar ɗaki. Amma abin da ke kawo riba mai kauri, kamar inji ko amalanke ko babur ɗin kabukabu ko sarin aya da wake a kai Jibiya, duk sana'o'i ne na waje, mace mai kulle ba ta iya tsayawa a kansu. Sai ta ɗauko rance ta miƙa wa maigida. Shi ya je kasuwa, shi ya yi ciniki, in an ba da rasit sunansa ke kai. A ce aure ya mutu kafin a gama biya. Asusu bai san miji ba, sunan matar ke cikin littafi, ita za a bi. Ta fita da bashi, ta bar kadara. Ga kuma abin da ke rufe mata baki: tsoron a karɓe 'ya'ya, da kunyar a ce ta kai uban 'ya'yanta ƙara, da iyayen da ke cewa ta yi haƙuri ko Allah zai sa a mayar da aure. Binciken lafiya da jama'a na 2012 ya nuna kusan mata 9 cikin 10 a jihar Maraɗi an yi musu aure kafin shekara 18. Yarinyar da ta shiga ɗaki a wannan shekaru ba ta da bakin cewa a rubuta.

Duk da haka mata ba su zauna ba. Har jaridar New York Times ta Amurka ta yi rahoto a farkon 2019 kan yadda matan Maraɗi ke cika kotun wani alƙalin Musulunci suna neman a raba aurensu. Rabuwar na samuwa. Lissafin abin da aka tara ne ba ya biyo ta.

Dokar 'yan kasuwa

A gefe guda wata doka ta shigo ƙasar ba tare da hayaniya ba. Ranar 17 ga Oktoba 1993, a birnin Port-Louis, Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa OHADA don daidaita dokokin kasuwanci, ƙungiyar da babbar kotunta ke Abijan. Dokarta ta kamfanoni, wadda aka yi a 1997 aka sabunta a 2014, ta taɓo ma'aurata kai tsaye. Sashe na 9 ya hana miji da mata zama abokan tarayya a irin kamfanin da masu shi ke ɗaukar bashinsa da duk abin da suka mallaka, don kada karyewar ciniki ta cinye gida gaba ɗaya. Amma suna iya haɗa jari a kamfanin da asarar kowa ta tsaya kan abin da ya zuba, wanda ake kira SARL. A irin wannan kamfani saki ba ya taɓa hannun jarin kowa. Tsohuwar mata na nan da kasonta, da ƙuri'arta, da ribarta, da damar duba littattafai. In rashin jituwa ya kai ga aiki ya tsaya, kowanensu na iya neman kotu ta rushe kamfanin a biya bashi a raba saura.

Wannan kariya ce mai kyau ga wanda ya yi rajista, sai dai masu injin niƙa a ƙauyukan Gazawa ba su da rajista. Dokar ta hango irinsu. Daga sashe na 864 ta yi magana kan mutanen da ke tafiyar da harka kamar abokan tarayya ba tare da sun kafa kamfani a takarda ba, ta ce mai ruwa da tsaki na iya neman alƙali ya tabbatar da tarayyar, kuma ana karɓar kowace irin hujja. Ke nan shaidar matan asusu hujja ce, littafin rance hujja ne, dillalin da ya sayar da awaki shaida ne. Amma hanyar ba ta rasa ƙaya. In an tabbatar da irin wannan tarayya, ƙa'idojin da ke hawa kanta su ne na kamfanin da sashe na 9 ya hana ma'aurata, abin da ke ba lauyan miji abin kamawa. Dokar ciniki ta OHADA kuma ta ce matar ɗan kasuwa ko mijin 'yar kasuwa ba ya zama ɗan kasuwa a idon doka sai in yana nasa cinikin daban. An yi haka don a kare shi daga masu bin bashi, amma ya bar wadda ta shekara ashirin tana aiki a shagon mijinta ba ta da suna a ko'ina. Ƙari a kan haka, dokar da Faransanci take, kotun kasuwanci ta farko da aka buɗe kuma tana Yamai, tafiyar sama da kilomita 600 daga Maraɗi.

Abin da ke cikin littattafan zaure

Abin da ya fi damuna shi ne amsar na nan kusa, cikin littattafan da almajirai ke karantawa a zaurukan Tibiri da Gazawa. A mazhabar Malikiyya aure ba ya haɗa dukiya. Abin mace nata ne, tana saye tana sayarwa, kuma tana iya ƙulla musharaka ko ƙiradi da mijinta kamar yadda za ta ƙulla da kowa. Muhtasar na Shaihu Halil ya bambanta hidimar cikin gida, irin su kwaɓa gari da shara, da aikin da ke kawo kuɗi, irin su kaɗi da saƙa, ya nuna na biyun ba wajibinta ba ne. A babin saɓanin ma'aurata kan kayan gida kuma ya kawo mas'alar da ta yi daidai da tamu: in aka yi jayayya kan zaren da mace ta kaɗa, nata ne, sai in miji ya tabbatar da cewa abin da aka kaɗa ɗin nasa ne, to a nan sun zama abokan tarayya, shi da ƙimar kayansa, ita da ƙimar aikinta. A cire zare a sa man gyaɗa, hukuncin bai canja ba.

Malaman Maroko sun faɗaɗa wannan tun ƙarni na 16. Ibn Ardun, malamin ƙasar Gumara, ya yi fatawa cewa matar karkara da ke aikin gona tare da mijinta tana da rabo a abin da aka samu saboda wahalarta. Akwai malaman da suka ja da shi, amma an yi aiki da irin wannan hukunci a yankuna kamar Sus shekaru aru-aru. Da Maroko ta sabunta dokar iyalinta a 2004, sashe na 49 ya bar dukiyar kowa a hannunsa, ya ba ma'aurata damar rubuta yarjejeniya daban kan abin da za su tara, ya kuma ce in ba su rubuta ba alƙali ya duba aikin da kowa ya yi da abin da ya ɗauka. Ƙasar Malikiyya ce kamar tamu.

Adalcin nan kuwa ba na mace kaɗai ba ne. Akwai mazan da suka ba mata jari ta yi kiwo, ranar rabuwa danginta suka kora dabbobin duka da sunan kayan ɗaki. Akwai kishiyar da aka ci da guminta aka gina wa wata. Kuma wanda ya ce shi abokin tarayya ne a riba, to ya sani yana cikin asara da bashi. Lissafi na gaskiya zai kare kowa daga cikinsu.

Saboda haka kirana ga masu zaman sulhu ne, tun daga mai gari har fadar sarki da malaman da ke ba da takardar saki. In an gama maganar idda da ciyarwa da riƙon 'ya'ya, kada a tashi sai an tambayi ɓangarorin biyu: akwai sana'ar da kuka haɗa hannu a kai, wa ya sa me, akwai bashin da ke kan wani? In akwai, a sa mata rana daban, a kira shaidu, a rubuta abin da aka yanke. Shugabannin asusun Mata Masu Dubara su ƙara layi ɗaya a littafinsu, wanda zai nuna abin da aka saya da rancen da hannun wanda yake. Alƙalan Agye da Gidan Runji da Maraɗi su nemi mashawartan da suka karanci babin tarayya, ba babin saki kaɗai ba.

Kai kuma maigida, ke kuma uwargida, da kuke shirin haɗa kuɗi ku sayi inji ko babur a kakar bana, ku kira mutum biyu da kuka yarda da su, ku rubuta ko da ajami ne: nawa kowa ya sa, yaya za a raba riba, wa zai biya bashi, me za a yi in ɗaya ya so fita. Wanda ya ce rubutu alamar rashin yarda ce, a tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kowa ya riƙe kwafi ɗaya, na uku a kai wa mai gari ya ajiye.